Sai Kankana Ta Nuna

Matata ta rasu a ƙarshen marka, wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Da hantsi aka fara, kafin azahar an gama. Ina zaune a zaure ina feren ƙotar fartanya aka fito aka faɗa mini. Na yi salati kamar yadda ake yi, sannan na ci gaba da feren ƙotata har sai da ƙanena ya zare wuƙar daga hannuna. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irina ba. Wane haƙuri? Ban ji komai ba ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

A lokacin muna wani ɗan ƙauye kusa da Tsiga, gida ɗaya da ƙanena da matarsa. Dawa muke nomawa da auduga, in kaka ta yi mu ɗora wa jakai mu kai kasuwa. Matata ta bar mini 'ya guda, 'yar farinmu, ko famfarar haƙori ba ta fara ba. Ta kuma bar 'yar garka a bayan ɗakinta, inda ta shuka kankana gab da kwanciyarta. Ranar da aka binne ta, shukar ba ta wuce ganye bibbiyu ba.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai ya ce ban damu da yarinyar ba. 'Yar fari ce. Uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya wasa da shi, ba ya zama ya yi hira da shi. In ta leƙo zaure ina tare da baƙi, sai in kau da kai kamar 'yar maƙwabta ce ta ɓato hanya. Haka ubana ya yi da yayata, haka na tarar ana yi. Da mahaifiyata tana raye ma, da tun yaye an kai mata ita. Maganata da yarinyar ba ta wuce "ke, kawo ruwa" da "ke, matsa can" ba.

Ranar rasuwar an kai ta gidan maƙwabta don kada ta ga fitar da gawa. Da aka dawo da ita, Yaya, wato yayar tawa, ta riga ta iso daga Bakori inda take aure. Yaya mace ce mai saurin baki, ba ta barin tambaya ta faɗi ƙasa. Ina bayan zana ina alwala na ji yarinyar tana cewa, "Goggo, ina Inna?"

"Ta tafi Danja wurin danginta."

"Yaushe za ta dawo?"

Ina jin idon Yaya ne ya faɗa kan garkar, don ta wajen take zaune. Sai ta ce, "Sai kankanarta ta nuna."

Da muka keɓe na ce, "Yaya, me ya kai ki faɗin haka?"

Ta ce, "To me zan ce? Kai ka faɗa mata mana, tun da bakinka ya fi nawa. Ruwa ya kusa ɗaukewa, an kusa sakin awaki, mai shukar ba ta nan. Wa zai kula da ita? Ta bushe, yarinya ta manta, shi ke nan. Yaro ne fa."

Haka ake yi wa yara ko'ina, a ce an yi tafiya, har ranar da za su girma su gane da kansu. Sai dai ba a saba sa rana ba, ita kuwa Yaya ta sa.

Da zaman makoki ya watse, Yaya ta ce za ta tafi da ita riƙo. Daidai ne, ita ta cancanta. Amma yarinyar ta rungume turken akuya ta yi ta ihu, wai in ta tafi Inna za ta zo ba ta same ta ba. Aka yi rarrashi, aka yi tsawa, a banza. Yaya ta yafa gyalenta ta ce in an gama girbi za ta dawo, kafin nan an manta da zancen. Matar ƙanena ta ce yarinyar ta riƙa kwana a ɗakinta.

Kwanakin da suka biyo baya ba ni da labarinsu. Ina zuwa gona, ina dawowa, a ajiye mini tuwo in ci, ban san da miyar me ba. In an yi dariya a gindin bishiya sai in dubi masu yi in jira su gama. Wata safiya na zagaya bayan ɗakin neman igiya, sai na iske yarinyar a tsugune cikin garkar da 'yar ƙwaryarta, tana bi gindi-gindi tana tsiyaya ruwa. A daren jiya kuwa an tafka ruwa, ƙasa jagab take. Ciyawa ta tashi har ta fi shukar tsawo.

Ta ɗago ta ce, "Baba, ba ta girma."

Na koma na ɗauko fartanya. An sha tambayata dalili, ni ma na sha tambayar kaina. Ina ganin hannun manomi ne kawai, ya ga ciyawa a kan shuka. Na nome garkar tas, ita kuma tana bina tana kwashe ciyawar tana kai wa akuya.

Ban san kan kankana ba. Mu maza dawa da auduga muka sani, irin wannan shukar bayan ɗaki ta mata ce. Irin ma a wurin wata tsohuwa Bamagujiya matata ta samo, daga gidan noma da ke ƙetaren rafi. Tsohuwar takan shigo gidanmu sayar da daddawa, sun shaƙu da matata ƙwarai. Ranar da ta zo ta tarar da ni a garkar, ta sauke ƙwaryarta ta riƙe haɓa.

"Oho, Malam, yau kai ne a nan? Wa ya ce maka ana yi wa kankana huɗa kamar dawa? Ka binne mata wuya, za ta ruɓe. Matsa."

Ta tsuguna ta yaye ƙasar da hannunta, ta bar kowane gindi a kan ɗan tudu yadda ruwa ba zai kwanta masa ba. Ta ce ruwa a gindi ake zubawa, ban da ganye. Ta nuna mini jajayen ƙwarin da ke huda ganyen, ta ce a barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, don ta kama. Ta ce wa yarinyar in 'ya'ya sun fito kada ta kuskura ta nuna su da yatsa, zubewa suke yi, in za ta nuna ta nuna da baki. Yarinyar ta ɓoye hannuwanta a baya tun a lokacin.

Da tsohuwar za ta tafi na raka ta bakin danga. Ta rage murya ta ce, "Na ji abin da aka gaya wa yarinyar nan. Irina ne wannan, na san shi. In ka kula da shi zai nuna, ba ya fashi. Ran nan me za ka ce mata?"

Na ce, "Allah ya kai mu, Iya."

"Zai kai ku kuwa," in ji ta, ta ɗauki ƙwaryarta.

Shukar ta yi yaɗo. Kullum da safe kafin in tafi gona sai in shiga in karkata mata kai, don in ka bar ta sai ta hau danga ko ta bi ta kan 'yar'uwarta su sarƙe. Fure ya fito, ruwan ɗorawa, ƙudan zuma suka samu wurin zuwa. Na farkon duk suka zube, yarinyar ta tsince su tana kallona, ta rantse ba ta nuna su da yatsa ba. Na ce maza ne, ba sa haihuwa, ta jira masu ɗan ƙulli a ƙasansu. Da masu ƙullin suka fito ta yini tana zunɓura baki tana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya.

A garkar nan ba mai ganinmu. Danga ta kare mu ta gefe uku, bangon ɗakin ya kare ɗaya. Ban taɓa sanin yarinyar tana da surutu haka ba. Ta ba ni labarin kazar da ta yi kwanci a murhu, da yadda matar ƙanena ke jan gashi in tana kitso, da abin da za ta nuna wa Inna in ta zo. Haƙorinta na gaba ya fara girgiɗi, ta ce ba za ta bari ya fita ba sai Inna ta gani. Ni dai "uhm" nake cewa, hannuna yana cikin ƙasa. In mun fito tsakar gida kuma sai kowa ya kama gabansa, ita ma ta san haka.

Ba zan ce ina jin daɗi ba, don ban san daɗin komai ba a shekarar nan. Amma na lura in gari ya waye ƙafata can take fara nufa.

Ranar da aka yi rigima ita ce ranar ragi. Tsohuwar ta ce kada a bar wa gindi ɗaya fiye da 'ya'ya biyu, in ba haka ba duk su tsumbure. Na shiga ina tsinke ƙananan, wasu kamar ƙwan zabo. Yarinyar ta fasa ƙara ta kama mini riga. "Baba, kana kashe su! Inna ba za ta zo ba!" Na tsuguna na yi mata bayani, cewa uwar ba ta iya shayar da su duka, in an rage sauran za su fi girma, su fi saurin nuna. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba. Da ta ji "saurin nuna" sai ta share hawaye, ta shiga taya ni neman waɗanda za a cire. Na dube ta tana yi, na san abin da na faɗa, ban kuma ji komai ba.

Muka nemo sakaina muka sa a ƙarƙashin kowace ɗiya don kada damshi da gara su ci cikinta. In ta kwana biyu sai mu ɗan juya ta a hankali, kada kara ya murɗe. Waɗanda rana ke dukansu kai tsaye muka rufa musu busasshiyar ciyawa. Ɗaya daga cikinsu ƙuda ya sare ta, ta yi tabo ta zube ruwa, muka haƙa rami muka binne ta nesa da sauran.

Ruwan sama ya ɗauke. Aka shiga girbi, daga gona sai masussuka, jiki duk ƙaiƙayi. Duk da haka da la'asar sai in ɗauki tulu in nufi rijiya, inda ba ka ganin namiji sai mai shayar da dabba. Mata suna matsa mini, suna rufe baki da gefen zane. Ƙanena ya ce, "Yaya, mutane fa sun fara magana." Na ce su yi. Na sare ƙaya na ƙara wa dangar, don an saki awaki, suna yawo suna neman ɗanyen ganye ido rufe.

Wata rana na dawo daga gona da rana tsaka na tarar da ƙofar garkar a buɗe, wata jar akuya a ciki tana cin yaɗon da ke bakin ƙofa. Yarinyar ba ta nan, an tafi da ita sussuka. Ban tambayi wanda ya buɗe ba, har yau ban tambaya ba, amma na san Yaya ta bar saƙo a gidan kafin ta tafi. Na tsaya ina kallon akuyar. In na juya na koma zaure, kafin la'asar an gama, kowa ya huta. A ce akuya ta ci, a ce sai baɗi, baɗi kuma a ce wani abu. Na daɗe a tsaye, har ta gama da gindin farko ta matsa na biyu. Sannan na ɗauki hoge na jefe ta, na ɗaure ƙofar da igiya.

Akwai wata babba a tsakiyar garkar, mai duhun kore da zane-zane, ita ta riga kowa. Tsohuwar ta riga ta koya wa yarinyar alamar nuna, a gabana ta koya mata, tana kallona. Ɗan zaren nan mai murɗewa da ke kusa da karan ɗiyar zai bushe, cikinta da ke kan sakaina zai yi fari-fari, in ka ƙwanƙwasa kuma ba za ta yi ƙara tsantsan ba, sai ta amsa daga ciki. Saboda haka ba zancen ɓoyewa. Kullum yarinyar sai ta kwanta rub da ciki ta duba zaren. Na ga ya fara bushewa daga baki, na ga ya kai rabi. Ina kallo kamar yadda ake kallon hadari a gonar wani.

Wata safiya ta zo har zaure, abin da ba ta yi, ta tsaya a gabana ina tare da mutane. "Baba, ta nuna."

Na kau da kai, aka yi dariya, wani ya ce yaran yanzu ba kunya.

Yarinyar ta sa matar ƙanena ta yi mata wanka da sabon kitso, ta ɗaura zanenta na salla, ta zauna a kan dakalin ƙofar gida tana fuskantar hanyar Danja. Duk macen da ta ɓullo da kaya a ka sai ta miƙe tsaye, in ta matso ta koma ta zauna. Fatake suka wuce da jakunansu, ta tambaye su ko sun ga Innarta a hanya. A nan ta ci abincin rana. Washegari ma haka. Matar ƙanena ta kasa jurewa, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, sannan ta sa aka aika wa Yaya.

Yaya ta iso da hantsi, ta ga yarinyar a dakali, ta shiga ta ga garkar kore shar. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Sannu da aiki. Ka kyauta. Dawarka ma ba ta samu wannan gatan ba."

Ta gyara gyalenta ta ci gaba.

"To ba komai. Zan ce mata an aiko daga Danja, sai an gama cirar auduga. Yau zan tafi da ita, can akwai yara, za ta sake. Kai dai kada ka sa baki, ba huruminka ba ne."

Gaskiya ta faɗa, ba hurumina ba ne. Irin wannan magana ta goggo ce, ko kaka, uba ba ya shiga. Amma na san yarinyar yanzu. In aka ce auduga, za ta koyi auduga, ta san ranar da take fashewa, ta je ta zauna a wani dakalin. Yaya ta shiga gaisawa da matar ƙanena. Na fita ƙofar gida na ce, "Ke, zo."

Muka shiga garkar na ja ƙofa. Na yanke babbar daga karanta, na ɗora ta a gwiwa na sa wuƙa. Tun kafin wuƙar ta kai rabi ta tsage da kanta, ja wur, ruwa yana bin hannuna. Na yanka mata yanki na miƙa. Ta ƙi karɓa.

"Sai Inna ta zo."

Na ajiye yankin a kan ganye. Na ce, "Innarki ba za ta zo ba. Ba ta Danja. Ta rasu, tun ranar da aka kai ki gidan maƙwabta. An binne ta. Wanda ya rasu ba ya dawowa." Haka na faɗa, a jere, kamar ina lissafa wa wani iyakar gona.

Ta daɗe tana kallon kankanar. Tana taɓa haƙorin nan da harshe.

"Goggo ta sani?"

"Ta sani."

"Kai fa?"

"Na sani."

"Tun ran da ka zo da fartanya?"

"Tun kafin nan."

Ta dubi sakainun, ta dubi tulun da ke jingine a danga, ta dubi ƙayar. Ta ce, "To don me kake ba ta ruwa?"

Ina da amsa. Na buɗe baki, amma irin maganar da ba a yi wa ɗan fari ce, ban kuma taɓa jin wani uba ya yi ta ba balle in san ta inda ake farawa. Na rufe bakina. Ta jira ni, wallahi ta jira. Da ta ga ba abin da ke zuwa sai ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta kwance igiyar ƙofar da kanta ta fita.

Ba ta yi kuka ba. Ta je ta ce wa Yaya ta shirya. Yaya ta fito tana salati tana tafa hannu, ta faɗa mini maganganu da yawa, ban riƙe ko ɗaya ba. Aka ƙulle wa yarinyar 'yan kayanta a ɗankwali. Bayan azahar suka fito, maƙwabta sun taru a ƙofar gida ana sallama, ana Allah ya raya, Allah ya kiyaye hanya. Ina tsaye a bakin zaure. Ta wuce ta gabana riƙe da gefen zanen Yaya.

Sun kai wajen tsamiyar bakin hanya sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki, karo na farko tun marka. Na kira sunanta. Tun da liman ya raɗa mata shi ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba. Na kira shi da ƙarfi, har mutanen da ke wurin suka sunkuyar da kai don kunya.

Ta tsaya ta waiwayo. Ta dubi ƙanena, ta dubi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda ya kira ta. Ni ba ta dube ni ba, don ba ta san sunanta da muryata ba. Yaya ta ja hannunta suka ci gaba da tafiya.